Masu Zangon Motocin Gida a Amurka: Talla Daga Banɗaki Take Farawa

A shekarar 2021 masana'antun Amurka sun fitar da motocin gida kusan dubu 600, adadin da ba su taɓa kaiwa ba tun da aka fara sana'ar. Kafin 2023 ta ƙare, adadin ya faɗo zuwa wajen dubu 313. Duk wanda ke da filin da waɗannan motoci ke kwana, ya kamata ya zauna ya yi wa alƙaluman nan biyu karatun natsuwa, domin labarin kasuwarsa ne suke bayarwa.

Motar gida, wadda Amurkawa ke kira RV, ɗaki ne a kan taya: akwai gado, da kicin, da banɗaki, da firiji, da na'urar sanyaya ɗaki. Wata da injinta take tafiya kamar bas, wata kuma tirela ce da ake ja da a-kori-kura. Mafi yawansu a yankin Elkhart na jihar Indiyana ake ƙera su, inda kamfanoni irin su Thor da Forest River suka kafa sansani. Binciken ƙungiyar masu ƙera su na 2021 ya nuna magidanta sama da miliyan 11 ne ke da irin wannan mota a ƙasar. Kowace mota kuwa, idan rana ta faɗi, tana neman inda za ta tsaya, ta jona wuta, ta ɗebi ruwa, ta zubar da ƙazanta. Daga nan ne dubban mutane ke cin abinci. Suna da fili da suka yanka gida-gida, suna ba matafiyi hayar gurbi na kwana ɗaya, ko mako, ko wata shida. Su ne masu zango, kuma a kansu nake son yin magana.

Lokacin annobar korona, kasuwa ta yi wa masu zango buɗin da ba su nema ba. Jirage sun tsaya, otal-otal sun zama abin tsoro, ofisoshi sun sallami ma'aikata su yi aiki daga gida, sai iyalai suka ga babu abin da ya fi su ɗauki ɗakinsu su fita daji. Wuraren da a da ake roƙon baƙi suka koma sai ka kama gurbi tun watanni kafin ka zo. Farashi ya hau. Masu manyan kuɗi suka hango riba, suka shigo suna sayen zangunan iyali ɗaya bayan ɗaya. Sannan iska ta juya. Babban bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa daga kusan sifiri a farkon 2022 zuwa sama da kashi 5 cikin ɗari a tsakiyar 2023, bashin sayen mota ya yi tsada, jirage suka dawo, wasu daga cikin sababbin shiga suka sayar da motocinsu. Waɗanda suka rage su ne 'yan gado, masu tafiya shekara da shekaru, kuma ba su manta da wanda ya tsawwala musu ba lokacin da wuri ya yi wuya.

A irin wannan yanayi ne masu sayar da shawara ke yawaita. Za a ce wa mai zango ya zuba kuɗi a tallar Facebook da Google, ya ɗauki bidiyo da jirgi marar matuƙi, ya sayi manhajar da ke sauya farashi kowace rana, ya kafa tantunan alfarma masu gado da labule. Ba na cewa babu amfani a cikin waɗannan. Abin da nake cewa shi ne an juya tsarin, an sa na ƙarshe a farko. Talla aikinta ta kawo baƙo ƙofa sau ɗaya. Wannan sana'a kuwa ba ta tsayuwa sai da wanda ya dawo, da wanda ya gaya wa maƙwabcinsa a zango na gaba. Kuɗin da ya fi kawo baƙi shi ne wanda aka binne a ƙasa, cikin bututu da wayar wuta, da wanda aka kashe kan sabulu da tsintsiya.

Tarihin sana'ar ma haka ya nuna. A 1962 wani ɗan kasuwa a garin Billings na jihar Montana, Dave Drum, ya lura da motoci suna ta kwarara zuwa baje kolin duniya da ake yi a Seattle, kuma ba su da wurin kwana mai kyau. Yana da fili a bakin kogin Yellowstone, sai ya gyara shi, ya sa ruwan wanka mai zafi, da banɗaki mai tsabta, da ɗan kanti, yana karɓar dala 1.75 a kwana. Wannan fili shi ya haifi kamfanin KOA, wanda yau ke da zanguna sama da 500 a Amurka da Kanada, akasarinsu mallakar mutane ne da ke hayar sunan kamfanin. Drum bai ƙirƙiro kwana a daji ba. Tun 1919 masu yawo da mota suka kafa ƙungiyarsu a Tampa ta jihar Fulorida. Abin da ya sayar shi ne tabbaci: matafiyi ya san abin da zai tarar kafin ya iso. Fataken da suka riƙa bin hanyar Gwanja da jakuna su ma da haka suke zaɓen zango, wato ruwa, da wurin kiwo, da kwanciyar hankali, kuma madugun da aka cuta a wani wuri ba ya sake sauke ayarinsa a can.

A duba yadda ƙungiyar Good Sam, wadda aka kafa a 1966, take auna zanguna. Maki uku take bayarwa, kowanne bisa goma: ɗaya na kayan aiki, ɗaya na kyan wuri, ɗaya kuma na tsabtar banɗaki da wurin wanka shi kaɗai. Kashi ɗaya cikin uku na darajar wuri ke nan aka ɗora kan ɗakin da ba wanda ke ɗaukar hotonsa ya sa a allon talla. Wani zai ce ai motocin suna da banɗakinsu. Gaskiya ne, amma tankinsu ƙarami ne, wurin wankan matsattse, masu tanti kuma ba su da komai. Da ƙarfe shida na safiyar Asabar, uwa ta riƙo hannun yara biyu ta shiga wurin wanka. Idan ta tarar da gashi ya toshe magudana, famfo ɗaya na ɗiga, ƙwan fitila ya mutu, ruwan zafi ya ƙare tun kan mutum na huɗu, to an gama. Ba za ta je ofis ta yi faɗa ba. Za ta shirya kaya ranar Lahadi, ta rubuta layi uku a intanet, layukan nan kuma za su zauna a wurin shekaru suna korar mutanen da mai zango bai taɓa gani ba. Zagaye uku a rana na mai shara, da takarda a bayan ƙofa da ke nuna lokacin da aka wanke, sun fi duk wani bidiyo arha, sun kuma fi shi aiki.

Sai wuta, wadda a ganina ita ce babbar matsalar tsofaffin zanguna. Da yawansu an gina su ne a shekarun 1960 da 1970, lokacin da mota ba ta wuce fitila da ƙaramin firiji ba. Jonin amfiya 30 yana ba da wat 3,600. Manyan motocin yanzu, masu na'urar sanyi biyu ko uku da injin wanki, jonin amfiya 50 suke nema, wanda ke iya ba da wat 12,000, wato ya ninka na farko fiye da sau uku. Mai zango da ya sauya soket kawai ya bar tsohuwar waya a ƙasa bai yi gyara ba. Ranar da aka yi zafi a watan Yuli, kowa ya kunna na'urarsa, wuta za ta yi rauni a ƙarshen layi, injina su fara gurnani, wasu su ƙone. Matafiya da yawa yanzu suna yawo da na'urar gwajin wuta, suna soka ta a turken wuta tun kafin su sauke kaya, kuma abin da ta nuna musu shi za su yaɗa. Sake shimfiɗa waya aiki ne mai cin kuɗi, ba ya kuma kyau a hoto, shi ya sa ake ta ɗage shi ana gina wurin ninƙaya. Ni dai da za a tambaye ni, layi ɗaya na gurabe a kowane hunturu, har a gama, ya fi a ci bashi a gina abin kallo a kan ruɓaɓɓen tushe.

Daga nan sai faɗin gaskiya game da gurbin kansa. Babbar motar gida tana kai ƙafa 45, wata ma tana jan ƙaramar mota a baya, kuma idan ta tsaya gefunanta suna zamewa waje don ɗaki ya ƙara faɗi. Dattijo ɗan shekara saba'in ya yi tuƙin awa bakwai, ya iso bayan magariba, aka ce masa gurbi mai lamba 14 zai ɗauke shi. Ya tarar da kwana mai tsanani, reshe na gogar rufi, ƙasa ta karkace, turken wuta yana can nesa da inda wayarsa za ta kai, matarsa na baya da tocila tana ɗaga hannu, maƙwabta sun fito suna kallo. Wannan mutum ba zai dawo ba ko da kyauta ne. Maganin abin bai kai kuɗin tallar mako ɗaya ba: a ɗauki awo a auna kowane gurbi, a rubuta tsawonsa da faɗinsa, a faɗa ko na shiga-ka-wuce ne ko sai an yi baya, a sa hotonsa na gaskiya wanda aka ɗauka a bana. Idan layin dogo ya bi ta bayan katanga, a faɗa. Idan intanet ɗin wurin ba ta wuce duba saƙo ba, kada a rubuta cewa mai ƙarfi ce, domin masu aiki daga mota da ita suke cin abinci, da yawansu ma tun 2022 sun fara yawo da faifan intanet na Starlink, abin da suke so a gaya musu shi ne wane gurbi ne itatuwa ba su rufe masa sama ba. Za a rasa wasu baƙi saboda wannan gaskiya, amma waɗanda za a rasa su ne waɗanda da ma za su tafi da fushi.

Batun farashi ya fi kowanne zafi. Sauya farashi bisa yawan masu nema, yadda jirage da otal ke yi, ya shigo zanguna, kuma ba na ganin laifi a ce daren hutun 4 ga Yuli ya fi daren Talatar watan Oktoba tsada. Kowa ya fahimci wannan. Abin da ke ɓata zuciya shi ne kuɗin da ake ɓoyewa sai an zo biya: kuɗin kama wuri, kuɗin zaɓen gurbi, kuɗin kare, kuɗin yaro na uku, kuɗin more rayuwa, har dala 55 da aka gani a farko ta zama 80. Jihar Kalifoniya ta kafa doka da ta fara aiki a Yulin 2024, wadda ta tilasta a nuna cikakken farashi tun farko, ban da harajin gwamnati. Mai zango a kowace jiha bai kamata ya jira doka ba. Haka ma kuɗin kafin alƙalami: mota na lalacewa a hanya, tsoho na kwanciya rashin lafiya. Wanda ya riƙe kuɗin mutum gaba ɗaya alhali ya sake ba wani gurbin a daren, ya ci riba sau biyu, ya kuma yi asarar abokin ciniki na shekara goma.

Ra'ayoyin baƙi a Google, da Campendium, da The Dyrt, su ne allon tallar wannan zamani, kuma ba mai zango ke rubuta su ba. Abin da ke hannunsa shi ne amsa. Mai karatu ba ya tsorata da ƙorafi ɗaya. Yana duba yadda aka amsa shi ne. Amsar da ta ce an ga matsalar famfon, an gyara ranar kaza, ta fi taurari biyar guda goma. Amsar da ta zagi baƙo kuwa ta nuna wa kowa irin tarbar da zai samu. Sayen yabon ƙarya ma yanzu ya zama laifi ƙarara, domin hukumar kula da ciniki ta tarayya ta kafa ƙa'idar da ta fara aiki a Oktoban 2024, mai tarar da za ta iya haura dala dubu 50 kan kowane laifi. Shafukan kama wuri irin su Campspot da Hipcamp suna kawo sababbin fuskoki, a yi amfani da su, amma a riƙa tara sunaye da adireshin baƙi a littafin gida, da izininsu. Saƙo ɗaya a watan Janairu zuwa ga waɗanda suka zo bara, cewa an buɗe rajista kuma gurbinsu na nan idan suna so, yana cika wuri ba tare da an biya dillali ba.

Akwai tambayar da masu zango da yawa ba su taɓa amsa wa kansu ba: wa nake wa hidima? KOA ta raba zangunanta gida uku, na masu wucewa a bakin babbar hanya, na masu hutun 'yan kwanaki, da na alfarma, don baƙo ya san inda zai dosa. Kamfanin zangunan Jellystone, wanda ya fara a jihar Wisconsin a 1969, ya zaɓi iyalai masu ƙananan yara ya tsaya a kansu. Mai wucewa yana son shiga cikin sauƙi da dare, da shiru, da fita da asuba, kuma abokin gasar mai zango a kansa shi ne filin ajiye motoci na kantunan Walmart, inda rassa da yawa ke barin mutane su kwana kyauta. Tsofaffin da ke gudun sanyin Kanada da jihohin arewa zuwa Fulorida, da Arizona, da kudancin Texas suna son maƙwabta, da ɗakin taro, da farashin wata. Ma'aikatan bututun mai da na gine-gine suna son injin wanki da barci da wuri. Wanda ya zuba su duka a layi ɗaya zai kwana yana raba faɗa.

Masu zaman wata-wata su ne ke riƙe zango lokacin da kasuwa ta mutu, musamman a jihohin arewa inda kakar ciniki ke tsakanin ƙarshen Mayu da farkon Satumba. A sa musu mita kowa ya biya wutar da ya sha, a rubuta yarjejeniya, a kuma nemi lauya ya bayyana dokar jihar, domin a wurare da dama wanda ya daɗe yana iya samun haƙƙin ɗan haya, fitar da shi sai ta kotu. A nan akwai abin da ke damuna. Ba duk mai zama a mota ke yawon shaƙatawa ba. Littafin Nomadland na Jessica Bruder, wanda ya fito a 2017, ya ba da labarin tsofaffin da tsadar gida ta tura cikin motoci suna bin aikin ɗan lokaci. Wasu zanguna suna da ƙa'idar ƙin karɓar motar da ta haura shekara goma. Na fahimci tsoron mai wuri kada a bar masa gawar mota a fili, amma shekarun mota ba su ne halinta ba. A nemi hoto, a duba ko tana ɗigar mai ko ƙazanta, a yanke hukunci kan abin da aka gani. Korar malamar makaranta mai ritaya don motarta ta 2009 ce rashin adalci ne, kuma wauta ce ta kasuwanci, tunda irinta ne ke biya kan lokaci su kuma share gabansu.

Haka batun ma'aikata. Zanguna da yawa suna dogara da ma'aurata masu motarsu, waɗanda ke aiki a ba su gurbi, wani lokaci da ɗan albashi. Su ne fuskar da baƙo ke fara gani. A rubuta musu awannin aiki, a biya abin da ya haura, a ba su ikon warware ƙaramar matsala nan take ba sai an kira mai gida ba. Ma'aikacin da ake cuta ba ya iya sakin fuska, alhali shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Manyan kamfanoni irin su Sun Communities da Equity LifeStyle Properties, mai zangunan Thousand Trails, suna da jarin da ƙaramin mai zango ba zai taɓa kamowa ba. Kada ya gwada yin tsere da su a wurin wasan ruwa. Abin da yake da shi wanda ba su da shi shi ne yana nan a wurin. Ya san sunan karen baƙo, ya san makanikin da zai fito ranar Lahadi, yana iya hawa ƙaramar motarsa ya raka sabon direba har gurbi ya tsaya masa ya yi baya. Manaja da ake sauyawa duk shekara ba zai iya wannan ba.

Na bar mafi nauyi a ƙarshe. Zanguna suna son bakin ruwa, domin gurbin da ke kallon kogi shi ya fi tsada, ƙasar fadama kuma ita ta fi arha. A watan Agustan 1996 ambaliya ta share wani zango kusa da Biescas a ƙasar Sifen, mutum 87 suka mutu. A Yunin 2010 ruwa ya taso da dare a zangon Albert Pike na jihar Arkansas ya kashe mutum 20, har rajistar baƙi ta tafi da ruwan, masu ceto suka rasa sanin adadin waɗanda suke nema. Kafin asubahin 4 ga Yulin 2025 kogin Guadalupe a Texas ya hau kusan ƙafa 26 cikin minti 45, ya kwashe motocin gida da mutane a ciki, waɗanda suka mutu a yankin suka haura 130. Baƙo ba ɗan gari ba ne, bai san halin kogin ba, yana barci da na'urar sanyi a kunne, wayarsa ma wataƙila babu sabis. Amanarsa tana wuyan wanda ya karɓi kuɗinsa. Dole a samu mutum ɗaya a kowane dare wanda aikinsa sauraron rediyon gargaɗin yanayi ne, da jiniya ko lasifikar da za ta tada kowa, da kwafin rajista a wani wuri mai tudu ko a intanet. A nuna wa kowane baƙo hanyar tudu tun yana karɓar lambar gurbinsa, a gaya masa idan ya ji jiniya ya bar motar ya fita da ƙafa, kada ya tsaya kwance jona. Gurabun da ruwa ya taɓa ci kuma a mayar da su wurin zaman rana, a daina kwantar da mutane a cikinsu, ko nawa suke kawowa.